Yadda Na Kai Marka Aliero a Yanke Mata Linzami

Tun da munka dawo ba ni zuwa rijiya in koma gida ba a tare ni ba. Wannan ta ce yaya Jega, waccan ta ce da gaske ne na ga Nasara da idona, wata kuma ta rage murya ta ce an yanke ko ba a yanke ba. Na gaji da faɗin rabi ina barin rabi, don akwai maganar da ba ta faɗuwa da tulu a kai. Shi ya sa na roƙi takarda wajen Liman, na zauna ina rubutawa da ɗan ajamin da na samu kafin aurena. Karatuna bai yi nisa ba. Wadda ta iya ta karanta wa sauran, inda hannuna ya karkace a yi haƙuri.

Damuwar ta riga tafiyar da daɗewa. Marka ita ce ɗiyata ta fari. An yaye ta, damina ta zagayo, wata ta sake zagayowa, ba ta ce Inna ba, ba ta ce ruwa ba. Yaran da anka haifa bayanta har zagi sun iya. Ita kuwa in tana son abu sai ta ja zanenka ta nuna da yatsa. Tana kuka da murya, tana dariya da murya, amma kalma ko guda babu. Ni kuma ba ni da bakin cewa komai, kun san yadda muke da ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa gaban mutane, ba ki zama ki dube shi ido da ido. Tun da anka yaye ta ɗakin Inna take kwana, uwar maigidanmu. In zan ba ta abinci miƙa mata nake ina duban wani wuri. Haka anka yi mini a gidanmu, haka na ga kowa na yi. Sai dai ta gefen ido nake bin ta, ina daka ina kasa kunne ko yau za ta ce wani abu.

Inna ce ta yanke magana. Ta ce linzami ne, wannan zaren da ke ƙarƙashin harshe shi ya ɗaure ta, in an yanke magana za ta zubo. Ta ce ba za ta ba wanzamin garinmu ba, akwai wani tsoho a Aliero, Baba Sanda, shi za a kai wa. Kowa ya ce madalla, ban da ni. Waɗanda ke unguwarmu sun tuna ɗan Hajo da anka yanke wa bara waccan. Bakinsa ya kumbura, ya kasa haɗiyar ko ruwa, ina cikin waɗanda sunka riƙe Hajo ranar da anka fita da shi. Wannan hoton na ɗauka na tafi da shi tun daga ƙofar gida.

Maigidanmu yana tsakiyar yankan gero, bai samu zuwa ba, sai ya ba mu jaki. Munka bi ayarin mata masu kai daddawa da tukwane kasuwar Jega. Inna ta hau jaki ta aza Marka gabanta, ni ina baya da kaya a kai.

Kusa da Maiyama munka iske sabuwar hanyar da Nasara ya sa a yi. Maza tuli, wasu na sara, wasu na jidar ƙasa da kwando, dogari na zaune a inuwa yana kallo. Na ga wani ɗan garinmu cikinsu, ya sunkuyar da kai kamar bai gan mu ba, mu ma munka yi kamar ba mu gan shi ba. Muna cikin wucewa sai ga ƙara daga bayanmu kamar hadari ya taso a ƙasa. Mota ce, ranar na fara ganinta. Mata sunka watse cikin dawa, wata tukwanenta biyu sunka fashe, jakinmu ya yi tsalle har Inna ta rungume wuyansa tana salati. Marka kuwa tana wasa da igiyar jakin, ba ta ɗaga kai ba sai da ta ga mutane na gudu.

Inna ta ce, "Kun gani? Wagga kakanta ta biyo, ba ta san tsoro ba."

Mata sunka yi dariya, ni ma na yi.

A Maiyama munka kwana gidan wata ƙawar Inna. Ta ba mu hoce da miyar sure, ta yi ta duban Marka tana ba da magunguna da baki. Wai a ba ta ruwan da aku ya sha ya rage. Wai a buga mata ludayi a baki ranar Juma'a. Inna ta ce duk an yi na ludayin, aku ne ba mu samu ba.

Mashigin gulbi shi ne wurin da ya fi tsayar da mu. Ruwa bai gama janyewa ba, sai da jirgi. Kafin ka shiga kuma akwai wata rumfa da dogari da wani malami mai farar hula, malamin lamba, mai tsagar rigakafin agana, ba mai ƙetarewa sai an duba damtsensa. Wasu mata da sunka ji haka sunka zame cikin ciyawa wai za su nemi mashigi a ƙasa. Inna ta tsaya tana musu.

"Ɗan nan, ni na yi agana tun ba a haifi ubanka ba. Duba fuskata."

Ya duba, ya ce ta wuce. Ni da Marka anka tsaga mu. Ta yi kuka sosai, kuma na lura ko a cikin kukan idonta na kan bakin malamin, yana magana tana bin leɓɓansa da kallo. Ban kawo komai a raina ba a lokacin.

Jakin iyo ya yi, wani yaro a jirgi na riƙe da kansa. Mun kai gaci lafiya, Inna ta sa ƙafa za ta sauka sai laka ta kwashe ta. Idon sawunta ya gurɗe, nan take ya kumbura.

Mai jirgi ya ɗaga ta yana cewa, "Sannu Inna. Ina kunka nufa?"

"Aliero, wajen wanzami, in ka bar ni da rai."

"To ai kin huta, garin masu ɗori za ki. Kin kai musu aiki biyu a tahiya guda."

"Allah shi shirye ka," in ji Inna, tana cije baki.

Wannan gurɗewar ita ta zaunar da mu Jega 'yan kwanaki, don ko jaki ba ta iya hawa. Munka sauka unguwar Jega Firchin gidan Kawu Manu, ƙanen mahaifiyata, dillalin fata ne. Masu tambayar kasuwa, gaskiya ne, ta fi yadda ake faɗi. Na ji harsunan da ban san sunansu ba. Na ga kanti mai rufin kwano. Nasara kuma sau ɗaya na hango shi daga nesa, ja wur, da wata hula kamar an kife masa ƙwarya, yana tsaye ana auna fatu. Ba shi ne abin da ya tsaya mini a rai ba.

Gidan da ke jikin na kawu, danga guda ta raba su, akawun kantin ne a ciki da iyalinsa, mutanen kudu. Matarsa doguwa ce baƙa mai ɗaurin kallabi kamar tulu. Abin da ya fara ɗaure mini kai sunanta. Iya Bose ake ce mata, Bose kuwa ɗiyarta ce ta fari. Wato da sunan ɗiyar fari ake kiran uwa, ta amsa da ƙarfi, har tana jin daɗi. Na tambayi matar kawu ko ba su da kunya ne. Ta ce su a wurinsu girma ne, wadda ba a kira da sunan ɗanta ba ita ke jin ciwo. Tare suke cin abinci da mijinta a kan tebur. Ta aiko mana da wani tuwon rogo mai tsami da miya ja da manja, Inna ta ɗanɗana ta ce barkonon ya fi ciwon ƙafarta. Ni na cinye, ban faɗa wa kowa ya yi mini daɗi ba.

Kullum da hantsi, in mijinta ya tafi kanti, sai ta zaunar da Bose da ƙanenta a gindin wata bishiya ta koya musu Turanci, don wai za a mai da su makaranta can garinsu. Ina wankin kayan Inna a jikin danga, ina jin su ina leƙe. Ba irin karatunmu na allo ba ne da kowa ke rerawa. Kalma guda take ɗauka ta yi ta juya ta. Ta ce tic, yara su ce tic. Ta ce tica, ta nuna ƙirjinta. Ta ce ticin. Sa'annan wash, washa, washin, tana murza gefen zanenta kamar mai wanki. Da ta ga ina leƙe sai ta yi dariya ta kira ni. Hausarta ta Lakwaja ce, ba ta raba mace da namiji.

"Zo ka gani, 'yar uwa. Ba ya cizo."

Na ce ni ban gane ba, mi ya sa abu guda take ta maimaitawa.

Ta ce ba abu guda ba ne, gida guda ne. Ta ce kalmomin Turanci uwa da 'ya'ya ne. In ka san uwar, sai ka ɗaura mata wutsiya ta haifi wani. Tic shi ne a koyar. Ka sa masa "a" a ƙarshe, ya zama tica, mutumin da ke koyarwa. Ka sa "in", ya zama ticin, aikin kansa. Fam gona ce, kuma noma, fama shi ne manomi.

Matar kawu da ke tankaɗe ta ce, "Manomi fama? Wallahi Nasara ya san mu."

Wata rana ta fito da gishiri ta lasa wa yaran, ta ce solt. Ta nuna tukunyar miya ta yamutsa fuska kamar gishiri ya yi yawa, ta ce solti. Na farko sunan abin, na biyu yadda abin yake. Ta ba su rake ta ce suwit, wato mai zaƙi, in ka sa wa abu zaƙi suwitin, zaƙin kansa suwitnes. Ta rufe idon Bose da tafin hannu ta ce dak, ta buɗe hannuwa kamar ta rufe gari duka ta ce daknes.

Na koma bakin wankina ina ta juya abin. Ashe mu ma haka muke yi ban taɓa lura ba. Noma, manomi. Saƙa, masaƙi, masaƙa. Ɗinki, maɗinki. Sai dai mu a gaba muke ɗorawa kamar hula, su a baya kamar wutsiya. Kuma mu mukan ce fari, fara, farare, su kalma guda ta ishi namiji da mace da taro, na ce shi ya sa Hausar Iya Bose take haka. Na faɗa mata washegari, ta tafa hannu ta ce da na yi makaranta da na wahalar da malamai. Ta ce amma akwai 'ya'yan da ba su yarda da wutsiya ba, a ciki suke sauyawa. Hot mai zafi, hit zafin. Waɗannan ba dabara, sai ka san su ɗaya ɗaya kamar 'ya'yan maƙwabta.

Wahalarta guda, yaran suna haɗiye wutsiyar. Uwar kalma da ƙarfi take fita, wutsiya kuwa a hankali, kamar raɗa. Ƙanen Bose ya ce solt, ya ce dak, ya tsaya. To in wutsiya ta faɗi ai an koma kan uwa, ma'ana ta ɓace. Sai ta durƙusa daidai tsayinsa, ta kama haɓarsa ta juyo fuskarsa, ta ce, "Duba bakina." Ta buɗe baki sosai tana faɗi a hankali, ana ganin harshe na taɓa haƙori. In bai samu ba ta ɗauki tafinsa ta kara a gaban bakinta ya ji iskar da ke fita. Wani sautin kuma a maƙogwaronta take ɗora hannunsa, ko a gefen hancinta, ya ji yana rawa.

A rana ta nawa ne ban riƙe ba, na ɗaga kai ban ga Marka ba. Ashe ta bi ta wata kafa a gindin danga. Na leƙa na same ta tsaye gaban Iya Bose, kusa ƙwarai, ta ƙura wa bakinta ido. Matar ba ta kore ta ba, ta ci gaba. Sai na ga leɓɓan Marka na motsi. Ba sauti, amma in matar ta tsuke baki ita ma ta tsuke, in ta ja shi gefe ita ma ta ja. Can sai ta miƙa hannu da kanta ta ɗora a wuyan matar, yadda ta ga an yi wa yaron. Iya Bose ta ja wani sauti mai tsawo. Marka ta zabura ta janye hannu, ta duba tafinta, ta mayar. Ta yi wata dariya da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ɗora hannun a nata wuyan.

Iya Bose ta ɗago ta dube ni ta saman danga. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, motar Maiyama ta faɗo mini a rai, da bakin malamin lamba.

Da azahar gida ya yi shiru, Inna na barci, matar kawu ta shiga maƙwabta. Marka na zaune bayan rumbu tana tara tsakuwa, ta ba ni baya. Na duba hagu na duba dama. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Na ce Marka, a hankali. Ba ta juyo ba. Na ƙara murya. Na matsa har ina iya taɓa ta na kira da ƙarfin da kazar da ke gefe ta tashi. Tana ta jera tsakuwarta. Sai na zagayo gabanta na durƙusa. Ta ɗago ta gan ni, ta yi mamaki, don ban saba ba. Na sake faɗin sunan. Idonta ya sauka kan bakina ya tsaya.

A gida in ana daka takan juyo, in an yi tsawa takan firgita, shi ya sa ba wanda ya taɓa zargin kunne. Yanzu na gane ƙasa ce ke gaya mata, ta ƙafa take jin su.

Na rasa yadda zan yi. Wace ce ni in je gaban uwar mijina in yi zancen ɗiyar fari, har in ce abin da manya sunka gani ba shi ba ne? Na gwada faɗa wa Kawu Manu. Ya ce, "Ke dai bari a kai ta. Wanzami ya hi mu sani, in ba linzami ba ne ai shi zai hwaɗi." Na ce in kuma ya yanke kafin ya duba fa? Ya ce in daina kawo mugun abu.

Da kumburin ya ɗan sauka munka kama hanyar Aliero, kawu ya raka mu. Hanyar ba nisa, ni ce na ga tsawonta. Tun daga bayan gari warin albasa ke tarbarka, ko'ina fadama an tayar da kunyoyi ana shirin dashe. Cikin gari kuma rumfuna, mutane kwance da karare ɗaure a ƙafa ko a hannu, wasu daga ƙasashe masu nisa, kowa da mai jinyarsa da tukunyarsa. Anka fara da Inna. Mai ɗorin ya shafa, ya yi tofi, yana tambayarta labarin gero, bai gama tambaya ba ya fizga. Ta yi ƙara ta zage shi, ya ce ta taka. Ta taka.

Baba Sanda a zaurensa munka same shi, tsoho siriri, zabirarsa a gefe. Akwai mata biyu da jarirai suna jira. Inna ta yi bayani, ya ce a kawo ta. Kawu ya zaunar da Marka a cinyarsa ya riƙe hannuwanta. Tsohon ya zuba ruwa a wata tasa, ya zaro 'yar ƙaramar aska yana goga ta a fata. Ina tsugune a bakin ƙofa inda ya kamace ni, da mayafi a fuska. Marka ta waiga tana nema, ta wuce Inna, ta wuce kawu, idonta ya tsaya a kaina.

Ban san lokacin da na yi magana ba. Na ce, "Baba, don Allah a dakata."

Inna ta juyo. "Ke! Lahiya?"

"Inna ki gafarce ni. Ba bakinta ba ne. Ba ta ji."

"Mi kika sani? Ɗiyar da ke kwana ɗakina? Yau kuma ke ce da bakin magana kanta, gaban mutane?"

Ɗaya daga matan nan ta rufe baki da hannu. Na ce, "A gwada kawai. In ta ji, a yanke, ba zan ƙara cewa komai ba."

Baba Sanda ya dube ni, ya dubi Inna. Ya ajiye askar. Ya ce wa kawu ya saki yarinyar ya ba ta wani abu ta riƙe. Kawu ya ba ta carbinsa. Tsohon ya zubar da ruwan tasar, ya tashi ya zagaya bayanta, ya ɗauki wani ƙarfe. Bai buga a ƙasa ba, a sama ya riƙe tasar daidai ƙeyar Marka, ya kwaɗa wa tasar ƙarfen. Jariran nan biyu sunka tsala kuka tare. Inna kanta sai da ta zabura. Marka na ƙirga 'ya'yan carbi da yatsa.

Ya sake, ta ɗaya gefen. Haka.

Ya dawo ya zauna, ya buɗe bakinta da yatsa ya ɗaga harshen ya duba. Ya ce, "Baiwar Allah, harshenta sake yake. Ta taɓa yin zazzaɓi mai tsanani?"

Inna ta ce baƙon dauro, tun tana goye, har an fid da rai.

Ya ce, "To. Wanga ba aikin aska ba ne." Ya mayar da askar cikin zabira.

Kawu ya tambaya ko akwai magani. Ya ce shi dai bai sani ba, kuma ba zai ce ya sani ba.

Munka fito. Ina jiran faɗa, na shirya masa. Har munka bar gari Inna ba ta dube ni ba. Sai da munka tsaya shan ruwa a wata rijiya ta sauko daga jaki, ta zauna a kan tushen itace, ta jawo Marka tana gyara mata kitso da bai lalace ba. Na ga hawaye na bin fuskarta. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kullum ina kiranta ba ta amsawa, in ce taurin kai ne. Har dukanta na yi."

Na ce, "Ba wanda ya sani, Inna."

"Ke ya anka yi kika sani?"

Na ba ta labarin Iya Bose da wutsiyar kalmomi da hannu a wuya. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ita ba ta ga abin da Turanci zai yi wa yarinyar da ko Hausa ba ta samu ba. Na ce ba Turancin ba, durƙuson. Sa'annan ta tura Marka wajena ta ce, "Ɗauki ɗiyarki. In da mai magana, shi zo shi same ni."

Ni na goyo ta har Jega. A can na shiga na yi wa Iya Bose sallama, ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Kullum, ka ji? Ko ya yi kamar bai gane ba. Kullum." Dawowa ba abin da ya faru, ruwa ya ja baya, ba a tsayar da mu a mashigi ba.

To ga abin da kuke gani yanzu kuna raɗa a kai. Marka ta dawo ɗakina. Da safe in na gama shara nakan zaunar da ita gabana, gwiwa da gwiwa. Ba na tsinto kalmomi barkatai, gida gida nake ɗauko su yadda na ga an yi, don bakin ya riƙa komawa wuri guda tana ganewa. In ina wanke ƙwarya in ce wanke, in nuna zane in ce wanki, in zuba mata ruwa in ce wanka. Sha, in kurɓa. Shayar, in ba akuya. Ina ɗora hannunta a wuyana, sa'annan a nata. Ba ta yi magana ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban san ko za ta yi ba. Abin da ta samu zuwa yau, tana haɗa leɓɓa ta fitar da wani sauti mai kama da farkon sunanta, kuma in na ce ruwa ba tare da na nuna komai ba takan tashi ta nufi randa. Maigidanmu ranar da ya ga haka fita ya yi daga gidan, ya daɗe bai dawo ba.

Na san ana cewa na je Jega na kwaso rashin kunyar mutanen kudu. Ku faɗa, ba zan yi fushi ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In kun gan ta a hanya kada ku kira ta daga baya, kada a jefe ta da tsakuwa don ta waigo, ku hana yaranku yi mata haka. In shanu ko jaki na tahowa bayanta, wanda ke kusa ya janye ta. In kuma kuna da magana da ita, ku zagayo gabanta, ku durƙusa, ku bari ta ga bakinku.